Kwalekwalen Dufuna da Ruwan Jikokinmu

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da katako a can ƙasa. Da masana suka kammala tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, sassaƙaƙƙe daga gungume guda, bakinsa a fiƙe. Gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma a duk Afirka ba a gano wanda ya girme shi ba.

Mutum ba ya sassaƙa jirgi irin wannan sai yana da ruwan da zai tuƙa shi. Tafkin Cadi na can baya ya taɓa haura murabba'in kilomita 300,000. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, inda yau sai rairayi da iska, an tono kaburbura da ƙasusuwan dorina da na manyan kifaye, har da ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi. Daga baya damina ta janye kudu, Sahara ta bushe.

Nakan ji wasu suna cewa, tunda haka ne, ai sauyin yanayi daɗaɗɗen abu ne, mu kwantar da hankalinmu. Ni kuwa wannan labari tayar mini da hankali yake yi. Mutanen wancan zamani sun tsira ne saboda suna da inda za su tashi su koma. Mu yau ga iyakokin ƙasashe, ga yawan jama'a, ga gonaki sun cinye burtali. Ina za mu dosa?

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wanda ke can zurfi a yankin tafkin Cadi ajiya ce ta daminonin dubban shekaru, kuma daminar yanzu ba ta mayar da abin da muke zuƙa. Amma kowa na haƙa burtsatse yadda ya ga dama, wani ma a bar shi yana kwarara dare da rana.

Ina roƙon gwamnatocin Yobe da Barno su ƙidaya burtsatsen da ke jihohinsu, su riƙa auna zurfin ruwan duk shekara, su sanar da jama'a. Malaman makaranta kuma su kai yara Damaturu, inda aka ajiye kwalekwalen, su gan shi da idonsu.