Karin Magana Ba Ya Aiki Sai A Bakin Mai Lura

Duk wanda ya tsaya a bakin titi ranar kasuwar Talata Mafara zai ga hikima tana wucewa a jikin motoci. Wannan babbar mota ta rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya", waccan kuma "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo". A rumfar masu hatsi ma da wuya a gama ciniki ba a jefa karin magana ba. Dukiya ce kakanni suka bar mana. Amma ina ganin mun soma amfani da ita kamar mutumin da ya sami ƙwayar magani ɗaya, kowace cuta ita yake bayarwa.

Mu ɗauki maganar haƙuri. An gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka na ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane, masu fadama a wajen Bakura kuwa suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu ƙasa kowace shekara. Manoma suka yi ta jiran diyya, ana ce musu su yi haƙuri. Da abin ya ishe su suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen ƙauyukan suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. To, wa ya kamata a karanta wa karin magana a lokacin? Manomin da ba shi da inda zai kafa fartanya, ko kuwa wanda ke riƙe da haƙƙinsa? Ai Bahaushen da ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse, shi ne kuma ya ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Da an saurari na biyun, da ba a kai ga zub da jini ba.

Littafin Karin Magana ya san wannan sarai. A sura 26, aya ta 4 ta hana a amsa wa wawa bisa ga wautarsa, aya ta 5 kuma nan take ta ce a amsa masa. Ba kuskure ba ne aka jera su tare. An bar wa mai karatu aikin gane wace ce ta dace da mutumin da ke gabansa yau. Abokan Ayuba ma ba su rasa maganganu masu daɗi ba, sai dai sun ɗora su a kan wanda bai dace ba, Ubangiji kuwa ya tsauta musu.

Yanzu kuma wata ce ta shiga bakin kowa: "Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." Gaskiya ne. Da ita aka yi ta kare sulhun da gwamnatin Bello Matawalle ta yi da 'yan bindiga a 2019. Duk da haka a Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Agusta kuma aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ba na ganin laifin manomin da ya faɗi wannan magana sa'ad da aka tilasta masa biyan kuɗi kafin ya girbe geronsa, domin ransa yake tsarewa. Wanda ke tafiya da rakiyar masu tsaro shi ne bai kamata ya faɗa masa ita ba.

Mu ma a ikkilisiya ba mu tsira ba. Mace ta zo da kumburarren ido, dattawa su ce mata zo mu zauna zo mu saɓa ne, ta koma ɗakinta. Lebura ya kai ƙarar ɗan'uwa da ya hana shi ladansa, a ce masa zafin nema ba ya kawo samu. Ni dai a ajin masu shirin baftisma nakan sa kowa ya kawo karin magana ɗaya daga gida, sa'an nan ya nemo wanda ke ja da shi. Makon jiya wani yaro ya kawo "Shiru ma magana ce", wata tsohuwa daga baya ta ce, "Malam, ka rubuta masa: ciwon da aka ɓoye shi ke kisa."