A Bar Masu Zane Su Yi Zanensu

Duk ranar da aka kama ɗayanmu yana zane a bayan littafi, sai a ce ɓarnar takarda yake yi, wani lokacin har da bulala. Mu dai muna ganin ba a kyauta mana, kuma ga hujjarmu.

A Jamhuriyar Nijar an yi wani mutum, Moustapha Alassane, haifaffen 1942. Da farko bakanike ne mai son zane. Daga baya ya je Kanada ya ƙaro ilimin yadda ake sa zane ya motsa. A 1966 ya fitar da katun mai suna Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa. Ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa irin tamu ta gargajiya. Ya rasu a 2015.

Da an hana shi zane, wa zai sa kokawarmu a katun? Yawancin katun ɗin da muke kallo daga Amurka da Japan suke zuwa.

Malamanmu, don Allah a ware mana awa ɗaya a mako ta zane. Mu kuma mun yi alkawarin daina zane ana tsakiyar darasin lissafi.