Sanin Baƙi Da Wasali Bai Isa Makiyayi Ba

'Yan uwa makiyaya da fataken shanu, ajin yaƙi da jahilci yakan koya wa mutum haɗa baƙi da wasali, da ya iya rubuta sunansa sai a sallame shi. A ganina ana yin sallamar da wuri, domin ba a taɓa nahawu ba.

Ku dubi "ya saya" da "ya sayar". Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma a takardar da dillali ya rubuta a kara, shi ke nuna wanda ya tafi da sa da wanda ya karɓi kuɗi. Haka "ya biya" da "zai biya" a takardar diyyar ɓarnar gona: na farko magana ta ƙare, na biyu bashi ne a wuyanka, ga kuma dangwalen yatsanka a ƙasa.

Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta ba makiyayi damar riga kowa amfani da makiyayar mazauninsa, ba ta ce mallakarsa ce ba. Da Faransanci aka rubuta ta, ita da dokar kiwo ta 2010, inda "peut" ke nufin ana iyawa, "doit" kuma dole. Tafinta mai gaggawa yakan haɗe su, kai kuwa ka tashi da abin da doka ba ta faɗa ba.

A 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma Faransanci na nan cikin harsunan aiki. Saboda haka a ƙara wa ajin shekara ta biyu da rani, lokacin da garke ke kusa da rijiya, a riƙa karatu da rasit ɗin kara da takardun kwamitin filaye. Kowace ruga ta turo mutum biyu, har da 'yan mata.