Kada Tallar Taba Ta Shiga Mujallar Makaranta

Malam Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini. A taron iyayen yara, wani ya ce dilan taba ya biya kuɗin buga mujallar makarantarmu, a manna tallarsa a bango. Na ce ban yarda ba.

Dokar taba ta 2015 ta hana tallarta, ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, har da sayar da kara ɗai-ɗai. Yaron da ya ga sigari a takardar malaminsa, ai cewa zai yi ba laifi. Gara mu yi karo-karo mu buga abinmu.

'Yan'uwana masu tireda, mu ma mu daina miƙa wa ɗalibai kara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Naka,
Wani mai tireda, Funtuwa.