Idan Layi Ya Cushe, Saƙon Wa Ake Fara Zubarwa?

Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Kwaddibuwa, kowa a Ghana ya ɗanɗana cunkoso, tun daga banki har mai shagon tura kuɗi a Zango. Tun lokacin, maganar ƙara wayoyi ake ta yi. Muna goyon baya. Sai dai akwai tambayar da aka tsallake: idan hanya ta yi kaɗan, wa ke yanke hukuncin wanda zai wuce?

Saƙo a intanet gunduwa-gunduwa yake tafiya, kuma yakan yi layi a cikin na'urorin da ke rarraba shi. A tsohon tsari, sai layin ya cika maƙil sannan na'urar ta watsar da duk abin da ya iso. A 1993, Sally Floyd da Van Jacobson suka kawo dabarar fara rage kaya tun kafin a cika. Ta taimaka, amma tana dogara da iyakokin da injiniya ya kafa da hannu, shi kuwa cunkoson safe daban yake da na bayan isha'i.

To, nan ne masu bincike suka waiwayi fazi lojik, lissafin da Lotfi Zadeh na Jami'ar Kalifoniya ya fito da shi a 1965. Wannan lissafi ya yarda cewa tsakanin "ya cika" da "bai cika ba" akwai matakai. Ƙa'idarsa kamar maganar mutum take: idan layi ya ɗan yi tsawo kuma yana ƙaruwa da sauri, a rage sosai; idan dogo ne amma yana raguwa, a sassauta. Haka gogaggen ɗan sandan hanya yake yi ai. Ba tatsuniya ba ce: da shi jirgin ƙasan birnin Sendai na Japan ya fara aiki a 1987.

Ba zai ƙara faɗin layi ko da taƙi ɗaya ba fa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne ana iya karanta ƙa'idodinsa a fahimta, har a yi gardama a kansu. Shin kiran murya zuwa ga ɗan'uwa a Saudiyya da tura kuɗin magani za su jira bayan bidiyon barkwanci? Ko wanda ya sayi data mai tsada ne zai riƙa wucewa?

Kowace dabara kamfanonin sadarwa ke amfani da ita, ya kamata hukumar NCA ta sa su bayyana ƙa'idar da suke bi lokacin cunkoso, a rubuce, cikin harshen da mai sayen data na sidi biyar zai gane.