Zauren Malam: Fanshon SSNIT a Kan Allo

A wannan wata za mu ɗauki alli mu warware lissafin fansho, domin masana sun rubuta shi da Turancin da ko mu malaman makaranta sai mun karanta sau biyu.

Dokar fansho ta 2008, wadda ta fara aiki a Ghana a 2010, ta kasa abin gida uku. Kowane wata ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 13, ya zama 18.5. Kashi 13.5 ya tafi SSNIT, inda ake yankar 2.5 a ba inshorar lafiya. Sauran 5 kuwa kamfanoni masu lasisi ke juya su, a ba mutum a dunƙule ranar ritaya. Gida na uku ganin dama ne.

To, nawa za a ba ka? Sai ka zuba na wata 180, wato shekara 15, ka kuma kai shekara 60. A nan za a duba shekaru uku da albashinka ya fi tsoka, a ba ka kashi 37.5 na matsakaicinsu. Kowace shekara da ka ƙara tana ɗaga rabonka, har ya tsaya a kashi 60 ga mai shekara 35. Mai albashin sidi 2,000 ke nan zai tashi da 750 a wata, ko 1,200 in ya cika 35 ɗin. Ana iya fita tun daga 55, amma a rage.

Ga inda gizo ke saƙa: albashin tushe kaɗai ake lissafawa, ban da alawus. Maigidan da ya ce maka, "Bari in rubuta kaɗan a takarda, in cika maka a hannu," kansa ya yi wa gata. Yau ka ji aljihu da nauyi, ran tsufa a auna maka da ɗan abin da ya rubuta. Ina ganin ƙungiyoyin ma'aikata ma da laifinsu, da suka fi zaƙewa wajen neman alawus.

Mafi yawanmu a Zango ba ma'aikatan albashi ba ne. Mahauci a Aboabo, tela a Nima, mai tuwo a tashar Tamale, duk doka ta ba su dama, kuma tun 2023 SSNIT ke bin masu sana'ar kansu su yi rajista. Kai za ka faɗi abin da kake samu, ka zuba 13.5 a kai. Adashi na da daɗi, sai dai ranar kwasa yake ƙarewa. Fansho kuwa har iyakar rai ne. Amma a kula, wanda ya haura shekara 45 ba a yi masa sabuwar rajista.

Masu rajista kuma, ku je ofis ku nemi takardar bayanin zubinku, ku ƙirga watannin da kanku. Ku duba sunayen magadan da kuka rubuta tun kuna samari, kafin aure da haihuwa.