Filin Malam: An Sake Inji, An Manta da Gaskit

A wannan wata filin namu ya bar aji ya shiga gareji, domin akwai wani sakaci da ya kamata mu yi magana a kansa.

Duk mai bin hanyar Sinja zuwa Damazin ta nan Abu Na'ama ya san motocin da ke ɗauke da mu ba yadda kamfani ya ƙera su suke ba. Ga tsohuwar Bedford da ake kira sifinja, wadda aka fara ƙera irinta a Ingila a 1958, makanikan ƙasar nan sun ƙara mata ƙarfe da sifirin, wasu har sun ɗora mata injin Japan. Ga kuma boksi, wato Toyota Hilux da aka kafa wa benci da rumfa don fasinja. Wannan fasaha abin yabo ce. Matsalar tana wurin haɗa sabon inji da tsohuwar salansa.

Hayaƙi kan fita daga inji ta wani ƙarfe mai rassa da ake kira manifol, daga nan ya bi bututu zuwa bayan mota. A kowace mahaɗa akwai ɗan faifai da ke toshe kafa, shi ne gaskit. Zafin wurin yakan wuce digiri 500, don haka ake yin faifan da ƙarfe ko tagulla ko garafayit. Amma sau da yawa idan aiki ya zo ƙarshe, kuɗi sun ƙare, sai a mayar da tsohon da ya riga ya ƙone, ko a yanko gwangwani ko kwali a cusa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan gyara suka yi tsada, wannan ɗabi'a ta samu hujja. To, araha ba ta ado.

A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana riƙe ta fiye da yadda yake riƙe iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Injin fetur ya fi na dizal fitar da ita, amma kowanne na da nasa rabon. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi, abubuwan da mukan ɗora wa zafin rana ko gajiyar tafiya. Direban da take shigo masa ta ƙarƙashin ƙafa zai iya gyangyaɗi da mutum ashirin a bayansa. A 1992 likitoci a birnin Siyatil na Amurka sun ba da rahoton yaran da wannan iska ta bugar a bayan motoci irin boksi, a cikin rumfa ko ƙarƙashin tamfol. Haka ɗalibanmu suke zama in za su Sinja ko Maiwurno.

Gane yoyon ba shi da wuya. Da safe, inji na da sanyi, a saurari ƙara mai kama da "tas-tas-tas" wadda ke raguwa in ya ɗau zafi. A duba mahaɗa, in an ga baƙin toka ya yi zane a gefe, nan ne kafar.

Gyaran kuwa yana da ƙa'ida. Na farko, a sayi gaskit na injin da ke cikin motar yanzu, ba na wanda aka cire ba, kuma sabo. Na biyu, a kankare fuskokin biyu tas, a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a gani ko sun lanƙwashe. In sun lanƙwashe sai an kai wa mai injin gogewa, don babu faifan da zai cike wannan giɓi. Tsoffin gaskit da yawa na ɗauke da asbestos, saboda haka a jiƙa kafin a kankare, kada a shaƙi ƙurar. Na uku, a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, sannan bayan motar ta yi 'yan kwanaki tana aiki a sake bin su in ta huce. Na huɗu, kada a yi wa bututu walda da jikin mota. Inji yana girgiza, hanya ma tana girgiza, musamman bayan damina. A rataye bututun da roba, a sa masa gaɓa mai lanƙwasa kusa da inji. Na ƙarshe, bakin salansa ya fito waje ta gefe, kada ya tsaya ƙarƙashin benci.

Malam mai mota, kuɗin gaskit bai kai na taya ɗaya ba. Iyaye kuma, in yaro ya sauko daga boksi yana kukan ciwon kai da amai, a fitar da shi cikin iska, a kai shi asibiti, a faɗa wa likita a inda ya zauna.

Allah Ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.